Kwana Uku Cikin Ƙanƙarar Ingila

Jama'a masu karatu, kun san a bakinmu kalma guda ce, ƙanƙara. Wadda ta kan zubo da farkon damina ta kakkarya ganyen masara, ƙanƙara ce. Wadda masu shago ke sayarwa a sanyaya ruwa da azumi, ita ma ƙanƙara ce. To, da wannan kalma guda muka yi shekara biyar muna koya wa yara labarin ƙasa, tun fitowarmu daga kwalejin horon malamai. Wata rana wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ƙanƙarar ƙasar Turawa in ta faɗo wa mutum a ka, da zafi?" Muka gyara murya muka ce ba ta da zafi, kamar audugar rimi ta ke. Yaro ya rubuta, mu kuwa muka wuce gaba, alhali ko a mafarki ba mu taɓa ganinta ba.

Cikin watan Satumba na 1917 da shekara ɗari a kai, watau 2017, aka tura mu Ingila kwas na shekara guda, mu uku, dukanmu malaman makaranta. Aka saukar da mu a Ekseta, wani tsohon birni a kudu maso yammacin ƙasar, cikin lardin Debon. Gidan wata tsohuwa muka kama haya, a wani layi da ke gangarowa daga kan tudu. Shekararta 80, mijinta ya daɗe da rasuwa. Mu kan kira ta Iya, ita kuwa ta kan ce da mu samarina, ko da ya ke biyu daga cikinmu da 'ya'ya a gida.

Abin da ya fi damunmu a layin nan kafin zuwan sanyi shi ne rashin gaisuwa. Wata biyar muna fita muna shiga, ba wanda ya taɓa tsayar da mu ya ce ina gajiya. Akwai wani tsoho a gidan da ke fuskantar namu, shi kaɗai ya ke zaune. In mun gaishe shi sai ya taɓa bakin hularsa da yatsa ya wuce. Muka yanke hukunci tsakaninmu cewa mutanen nan ba su san maƙwabtaka ba, har muka rubuta haka a wasiƙun da mu ke aikawa gida.

Wajen ƙarshen Fabrairu na 2018 sai jaridu suka fara maganar wani sanyi mai zuwa, suka laƙaba masa suna Dodon Gabas. Asalin abin kuwa shi ne, can sama ƙwarai bisa ƙurewar arewacin duniya akwai wata iska mai sanyi da ta kan yi ta kewaya daga yamma zuwa gabas duk lokacin hunturu. Tsakiyar watan nan sai iskar saman ta yi ɗumi farat ɗaya, kewayen nan ya rikice. Ingila ta saba samun iskarta daga yamma, ta kan teku, mai laima mara tsananin sanyi. Da abin ya juya, sai ƙofar gabas ta buɗe, iskar Saiberiya ta taho ta ratsa Turai duka ta iso. Kamar dai yadda hunturu ke zo mana daga hamada, sai dai namu ƙura ya ke kawowa.

Mu da muka ji, muka ce ai mun sha sanyin Jos, mun sha na Funtuwa da asuba. Iya ta dube mu, ba ta ce kome ba, ta ɗauko takarda ta rubuta: burodi, madara, kyandir, ashana, gishiri babban ƙunshi biyu. Muka yi nawa har ran Laraba da yamma. Da muka isa kanti muka tarad da wurin burodi fayau, na madara haka. Gishiri kaɗai muka samo da kyandir, sai garin alkama da ɗayanmu ya yi dabarar ɗaukowa.

Ran Alhamis, 1 ga Maris, hukumar duba yanayi ta Ingila, wadda babban ofishinta ke cikin Ekseta ɗin ma, ta ba da jan gargaɗi ga lardinmu da Somaset da kudancin ƙasar Wels, daga ƙarfe 3 na yamma zuwa ƙarfe 2 na dare. Gargaɗinsu hawa uku ne, rawaya, da ruwan goro, da ja. Ja kuwa ba su cika ba da shi ba, ma'anarsa rai na cikin haɗari, kowa ya zauna inda ya ke. Dalili, wata guguwa mai ɗauke da ruwa, wadda aka sa wa suna Emma, ta taso daga wajen Fotugal za ta yi karo da sanyin nan da ya riga ya zauna.

Da ta fara sauka, sai mu faɗi gaskiya, mun manta da cewa mu malamai ne. Muka fita tsakar gida muna tara hannu kamar yara sun ga fara. Ba ta da ƙara ko kaɗan. Ruwan sama a kan kwano kowa ya san amonsa, amma wannan tana zuba gari na ƙara yin tsit, har ƙarar mota daga babban titi ta ɗauke. Muka tari ƙwaya guda a kan baƙar riga muka duba da gilashin karatun Iya, sai ga ta da rassa shida daidai, yadda littafi ya zana. Ba kuwa kamar audugar rimi ta ke ba ran nan. Saboda tsananin sanyi busasshiya ce, kamar garin tuwo, ko ka dunƙula ba ta kamuwa. Iska kuma ta riƙa kwasarta daga fili tana jibgewa a jikin bango da bakin ƙofa. Tsakiyar tsakar gida muka sa rula muka sami inci 6, amma a lungun katanga sai da ta kai mana gwiwa. Muka cika bokiti fal muka ajiye kusa da murhu, don mu ga abin da zai fito. Da ta narke, ruwan da ya kwanta a gindin bokitin bai fi kamu ɗaya bisa goma ba. Sauran duk iska ce.

Murna ta ƙare wajen ƙarfe 9 na dare. Gidajen can da ruwan zafi a ke ɗumama su. Akwai wata tukunya mai aiki da iskar gas, ita ke tura ruwan cikin bututu zuwa waɗansu faranti na ƙarfe a jikin bangon kowane ɗaki. Tukunyar nan ta yi wani gurnani, ta tsaya. Muka danna duk abin da ke dannuwa, a banza. Mai gyara kuwa ko an kira shi ba hanyar da zai biyo. Kafin sa'a biyu muna ganin numfashinmu cikin ɗaki.

Nan ne muka so mu yi aikin da ba don Iya ba da wani ne zai rubuta muku labarin nan. Akwai ragowar gawayi a rumfar bayan gida, na gashin nama da bazara. Muka ce ai sauƙi ya zo, a hura shi a kasko a shigo da shi ɗaki yadda mu ke yi da hunturu. Har mun ɗauko, sai tsohuwar nan ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta, ta ce, "Samarina, in wutar nan ta shigo, da safe gawa huɗu za a fitar." Ba mu taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ran nan. Mu ma da muka natsu muka tuna mun karanta abin a kwaleji. Gawayi in yana ci inda iska ba ta wadata ba, ya kan fid da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mutum ya ji barci mai daɗi, shi ke nan. Ɗakunanmu na gida ko an rufe akwai kafa a ƙarƙashin ƙofa da taga, duk da haka a kan yi asarar rayuka ta wannan hanya. Balle ɗakin da aka liƙe tagoginsa da gilashi biyu biyu. Ilmin yana cikin kanmu, amma da sanyi ya matsa al'ada ce ta fara fitowa.

Iya ta tara mu duka a ɗakin girki, gama shi ne ƙarami. Ta sa muka toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, muka saki labule. Ta ce kowa ya sa riguna marasa kauri uku ko huɗu, sun fi babbar riga guda, don iskar da ke maƙalewa tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. Ta cika gorunan roba da ruwan zafi ta ba kowa ya rungume. Aka dafa shayi. Muna nan zaune ta ba mu labarin hunturun 1947, sa'ad da ta ke da shekara 9 a wani ƙauye gefen tudun Datmo.

Ta ce wancan ya fara ne wajen ƙarshen Janairu, bai sake su ba sai tsakiyar Maris. Mun bincika daga baya, an rubuta cewa kwana 55 a jere ba ranar da ƙanƙara ba ta sauka a wani wuri cikin ƙasar ba. Yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, abinci da awo a ke ba da shi. Kwal ya daskare a bakin ramuka, jiragen ƙasa sun kasa ɗaukarsa, har gwamnati ta riƙa yanke wa gidaje lantarki sa'a 5 kowace rana. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tumakin ƙasar suka mutu. Ta ce ubanta ya kan fita da doguwar sanda da kare, suna neman 'yan ramuka a bisa ƙanƙarar, waɗanda numfashin tunkiyar da ke binne ya huda. In sun gani su tona. Waɗansu a same su da rai bayan kwanaki, gama ƙanƙarar nan mai taushi bargo ce ga abin da ke ƙarƙashinta. Ta ce, "Farar ba ita ce abin tsoro ba. Ita kana ganinta."

Ba mu gane nufinta ba sai can cikin dare. Muna gyangyaɗi muka ji wani abu na bugun taga, tas tas, kamar ana watsa tsakuwa ƙanana. Muka leƙa, sai ga 'yan ƙwayoyi kamar gero gauraye da ruwa. Jim kaɗan ya koma ruwan sama sosai. Muka yi hamdala, muka ce to, ruwa ya zo zai wanke gari. Iya ta girgiza kai, ta ce kada wanda ya taka waje.

Ga yadda abin ya ke. Iskar guguwar nan ta kudu mai ɗumi ce, ba ta da nauyi, saboda haka ta hau bisa iskar sanyin da ke kwance a ƙasa. Ƙanƙara ta taso daga gajimare, ta ratsa ta cikin ɗumin ta narke. In sanyin da ke ƙasa mai kauri ne, ɗigon ya kan sake daskarewa tun a sama, ya faɗo ƙwaya ƙwaya. In kuwa ba shi da kauri, ɗigon ya kan iso yana ruwa, amma sanyinsa ya riga ya wuce na daskarewa, da ya taɓa abu sai ya zama ƙanƙara nan take. Ashe abin da mu ke kira da suna guda, can iri iri ne, kowane da halinsa.

Gari ya waye ran Jumma'a kamar an zuba wa duniya narkakken gilashi. Reshen itace, da igiyar shanya, da marikin ƙofa, da motocin da ke layi, kowane ya sa riga mai ƙyalli. Bisa farar ƙanƙarar jiya an yi ɓawo. Inda iska ta share ƙasa kuwa, kamar matakalar ƙofarmu, ba ka ganin kome sai ka ce jiƙewa ce kawai. A rediyo muka ji ɗaruruwan mutane sun kwana cikin motocinsu a kan hanyar A303, jiragen ƙasa sun tsaya, makarantu a rufe. A garin Tiredega na Wels, ran Alhamis ɗin ko da tsakar rana ma'auni bai hau sama da digiri 4.7 ƙarƙashin sifiri ba.

Ƙaraminmu, da nufin alheri, ya tafasa ruwa a buta ya kwarara a matakala don ya narkar wa Iya hanya. Ta narke kuwa. Bayan minti goma ya fita ya duba aikinsa, ƙafarsa ta farko ita ce ta ƙarshe, sai muka ji tim. Ruwan ya sake daskarewa, ya fi na da santsi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Allah ya taƙaita, targaɗe ne a wuyan hannu.

Muna ɗaure masa hannu, Iya tana tsaye a taga ba ta ko waiwayo mu ba. Can ta ce, "Ƙarfe tara ta wuce, bai buɗe labule ba." Muka ce wa? Ta nuna gidan tsohon nan mai hula. Ta ce shekara 11 ke nan tun rasuwar matarsa, kullum ƙarfe bakwai da rabi ya kan buɗe labulensa, ita ma ta buɗe nata, kowa ya san ɗan'uwansa ya kwana lafiya. Ba su taɓa yin magana a kan haka ba. Ta buga masa waya, ba a ɗauka ba. Sai ta buɗe wani gwangwani ta fid da mabuɗin gidansa. Mu da muka ce ba su san maƙwabtaka ba, muka dubi juna.

Tsakanin ƙofarmu da tasa bai fi taki 20 ba, amma sai da aka yi mana shiri kamar masu tafiya fatauci. Ta ba mu tsofaffin safa na ulu muka sa a bisa takalma, don ulu na kama ƙanƙara. Ta ce mu fid da hannu daga aljihu, mu ɗan sunkuya gaba, mu yi taki gajere gajere kamar agwagwa. Na gaba yana barbaɗa gishiri, na baya yana bin sawunsa. Gishiri kuwa aikinsa shi ne, ruwan da ya sha shi ba ya daskarewa sai sanyi ya ƙara sauka ƙwarai. Shi ya sa hukuma ke zuba shi a manyan hanyoyi, yawancinsa daga ramin Winsfod a lardin Cesha a ke haƙo shi, ja ja kamar kanwa. Amma ƙananan layuka irin namu, sai dai mutanen layi su yi da kansu.

Muka same shi zaune a ƙasa, ya jingina da kujera, cikin rigar barci. Tasa tukunyar ma ta mutu, ya taso cikin dare ya duba, ya faɗi, ya kasa tashi. Ɗakin kamar cikin randa. Abin da ya ruɗe mu, ba ya rawar ɗari ko kaɗan, har muka ce da sauƙi. Maganarsa kuwa a tauna a tauna, yana kiranmu da sunan wani. Muka buga 999. Matar da ta amsa ta tambaye mu abin da mu ke yi, muka ce ɗaya yana murza masa ƙafafu, ɗaya zai kawo ruwan zafi a tsoma su. Ta ce mu bari duka biyu yanzu yanzu. Jikin mutum digiri 37 ya ke, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, rashin rawar ɗarin nan kuma alama ce ta cewa abin ya yi nisa. In aka ɗumama ƙafa da hannu da gaggawa, jinin da ya yi sanyi ya kan ruga zuwa zuciya. Ta ce mu shimfiɗa bargo a ƙarƙashinsa, mu lulluɓe ƙirjinsa da kansa, kada mu jijjiga shi, in yana iya haɗiya mu ba shi shayi mai ɗumi da sukari kaɗan kaɗan, mu yi ta yi masa magana kada ya yi barci. Ta ce mota na zuwa, amma ba za ta iya hawo tudunmu ba sai an buɗe hanya.

To, me za ka ce da mutumin da wata biyar bai ce maka uffan ba? Ɗayanmu ya zauna kusa da shi ya riƙa ba shi labarin noman gyaɗa, tun daga shuka har ɓara. Ɗayan ya koma ya gaya wa Iya. Ita kuwa ta ɗauki waya, gida gida. Kafin rabin sa'a layin nan da muka ɗauka ba kowa cikinsa ya cika da mutane, wannan da shebur, wannan da fartanyar lambu, wata mata da farantin gashin burodi tana kankara da shi. A gindin layin akwai wani akwati rawaya wanda kullum mu ke wucewa muna zaton na shara ne, ashe gishiri ne da yashi a ciki. Aka farfasa ɓawon, aka ture gefe, aka barbaɗa. Muka karɓi shebur mu ma. Wani ya nuna mana a tura ta ne gaba, kada a ɗaga da ƙugu, a kuma riƙa hutawa, don aikin nan cikin sanyi ya kan kayar da masu ciwon zuciya. Muka yi gumi cikin riguna huɗu. Wajen azahar motar asibiti ta hawo a hankali bisa hanyar da aka buɗe, aka ɗauke shi. Sallar Jumma'a dai ran nan a gida muka yi azahar.

Cikin masu shebur ɗin nan ne wani saurayi ya ji labarin tukunyarmu, ya yi dariya, ya zagaya da mu bayan gida. Ya nuna mana wani ɗan bututun roba da ke fid da ɗigon ruwa daga tukunyar zuwa waje. Shi ne ya daskare ya toshe, tukunyar kuwa an gina ta ne ta kashe kanta in haka ta faru. Ya ce a kawo ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kada robar ta tsage. Buta biyu aka zuba, muka ji ƙanƙarar ta zubo, aka danna maɓalli guda, wuta ta kama. Daren da muka kwana muna karkarwa, maganinsa buta biyu ne. Saurayin ya bi layin yana yi wa gidaje haka, har da na tsohon.

Ran Asabar iska ta juyo daga kudu, narkewa ta fara. Wannan kuwa ba abin da za a yaba a cikinsa. Farin nan ya koma caɓi baƙi ƙirin, takalma suka jiƙe, ko'ina ɗiga. A wurare da yawa na ƙasar bututan ruwa da suka daskare suka farfashe, gidaje dubbai suka kwana ba ruwan famfo. Ran Litinin muka koma aji.

Tsohon ya yi kwana tara a asibiti. Bayan ya dawo da kwana biyu muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga shi da hularsa da sanda, da kwalbar zuma a hannu. Ya miƙa mana. Bai ambaci daren nan ba, mu ma ba mu ambata ba. Ya tsaya a bakin ƙofa wajen minti goma sha biyar yana maganar iska, daga ina ta taso yau, ina za ta juya gobe. Har ya juya zai tafi, sai ya waiwayo ya ce, wai gaskiya ne ƙasarku ba a ƙanƙara irin wannan? Muka ce gaskiya ne, Baba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, in kun haɗu a hanya, maganar me ku ke yi?" Muka ce maganar damina. Ya ce a cikin wane wata ta ke faɗuwa, kuma gyaɗar nan kwana nawa ta ke yi kafin a cire?